Yaya, ga amsar tambayarka kan yaron nan na Nima

Yaya barka da warhaka, na ga tambayarka kan abinda yaron nan na unguwar Nima a Akra ya rubuta, wai shi "Hausa in spirit if not in fact", kace to shi Bahaushe ne ko kuwa a'a. Wannan "if not" ɗin ba sharaɗi bane irin "in ba haka ba" da aka koya mana a makaranta. Bature na kawo shi ne idan ya amsa wata gaskiya amma bai yarda ta rusa maganarsa ba, kamar kace ko da ba a jini ba, a zuci dai haka nake. Yaron ya yarda kakansa ba daga Kano ko Katsina ya taso ba, abinda bai yarda ba shine a ware shi.

Kuma wallahi irinsa suna da yawa a nan Gana. Shiga Nima ko Sabon Zango a Akra, ko zangon Kumasi, wato unguwannin da baƙi suka zauna, zaka tarar da Mosi da Dagomba da Wangara da Kotokoli da Zabarmawa, kowa da yaren gidansu, amma ciniki da Hausa ake yi, wa'azi da Hausa, makarantar allo da Hausa, ranar suna ko jana'iza baka iya bambance wane da wane. Tun zamanin fataucin goro abin ya faro, lokacin da ayari ke sauka Salaga a ƙasar Gwanja, da yaƙin 1892 ya watsa garin sai mutane suka gangaro kudu, malamai irin Alhaji Umaru suka zauna Kete Krachi, can ya rasu a 1934. Sannan a 1969 da gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasa, tare aka sha wannan wahalar a zango, iyayenmu har yau in sun tuna sai ka ga ransu ya ɓaci.

Shi yasa nake jin zafi in naga ƴan ƙasar Hausa na dariyar Hausarmu, wai muna cewa mace "ya zo". Eh haka da yawa ke faɗa, amma yaron da uwarsa ta goya shi da Hausar nan, da ita yake addu'a, me kuma za'a nema a wajensa? Dan Allah Yaya in zaka mayar masa da magana kar ka fara da tambayar asalinsa, ka gaishe shi tukunna ka tambayi mutanen gida.