Kafin ka karɓi gurbin karatun ƙanƙarar nan

Ƙanena, na ga saƙonka: ka samu gurbin digiri na biyu a Kanada kan auna ƙarfin ƙanƙara, kana tambaya ko aikin ofis ne. Ina! Rabinsa a tsugune kan daskararren teku ake yi, yatsu a sandare, kuskure ɗaya ya cinye wahalar yini guda.

Ƙanƙarar ruwan daɗi tauri gare ta. Ta teku kuwa cike take da 'yan aljihunan ruwan gishiri, da ɗumi ya ƙaru sai su buɗe, ta yi laushi. Shi ya sa da ka haƙo gunduwa, kafin komai ka huda ta kowane santimita 10 ka auna sanyinta, ka yayyanka ta cikin robobi masu murfi, daga baya ka narkar ka auna gishirin. Ka yi sanya, ruwan gishirin ya tsiyaye, abin da ke hannunka ba shi ne na cikin teku ba. Nan sababbin ɗalibai suke kwafsawa, kuma ba mai tausaya musu.

Gwajin matsi kuwa, gunduwa ce mai kaurin milimita 70, tsawon 175, a danne ta a inji. Bakunanta biyu su zama sumul, daidai wa daida, in ba haka ba ta tsage daga gefe ta ba ka ƙarya. Ka danna a hankali, ta lotsa. Da sauri, ta tarwatse kamar gilashi. Don haka rubuta saurin, da ko a tsaye aka yanko ta ko a kwance.

Na lanƙwasa ya fi cin rai. A kan shimfiɗar ƙanƙarar kanta, da zarto za ka yanka doguwar ƙanƙara ta gefe uku ka bar na huɗu a manne, tsawon ya ninka kaurin sau 7 zuwa 10, ka danna bakin ta karye cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Lissafin: 6PL/bh², wato P nauyin da ya karya ta, L tsawo, b faɗi, h kauri. A ƙanƙarar ruwan daɗi, ka zagaye kusurwoyin gindin, wato inda ka bari a manne, da abin huji. Tsaga daga kusurwa take tasowa, ta zubar maka da adadin. Ƙarfin ta ruwan daɗi wajen megafaskal (ma'aunin matsi) 1.7 ne, ta teku galibi ba ta kai 1 ba.

Ka ƙware a lissafin ƙarfin kayan gini tun kafin ka taso. Batiran na'ura kuma cikin riga ake sa su, sanyi na kashe su.