Malami a Ingila zai iya sauya makaranta da bizar da ke hannunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne daga Zariya, ina koyarwa a wata sakandare a Birmingham da bizar ƙwararrun ma'aikata. Wata makaranta a Manchester ta yi mini tayin aiki daga watan Satumba, kuma bizata da sauran shekara guda. Zan iya komawa can da ita? Ina kuma son kai iyalina gida a dogon hutu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba za ka iya ba. Bizar da ke hannunka a ɗaure take da makarantar da ta ɗauki nauyinka, ko da saura shekara nawa gare ta. Sabuwar makarantar sai ta ba ka tata shaidar ɗaukar nauyi, wadda ake kira CoS, sannan ka nemi sabunta biza daga nan cikin ƙasar. Ana samun sauƙi idan makarantun biyu suna ƙarƙashin hukuma ɗaya mai riƙe da lasisin ɗaukar baƙin ma'aikata, kuma aikin bai canja ba.

Kafin komai, ka shiga shafin gov.uk ka duba rajistar masu lasisin ɗaukar baƙin ma'aikata. Wani lokaci ba sunan makarantar za ka gani ba, sai na ƙaramar hukuma ko na rukunin makarantun da take ciki, don haka ka tambaye su wa ke riƙe da lasisin. Shugaban makaranta yakan ce "za mu nema" da kyakkyawar niyya, amma kada ka ajiye aikinka a kan wannan maganar.

Abin da ya fi damuna a lamarinka shi ne lokaci. A yawancin makarantun gwamnati a Ingila, malami ba ya tashi ranar da ya ga dama. Mai son barin aiki ranar 31 ga Agusta sai ya miƙa takardar murabus zuwa 31 ga Mayu. Mai tafiya ƙarshen Disamba, zuwa 31 ga Oktoba. Mai tafiya ƙarshen Afrilu, zuwa ƙarshen Fabrairu. Ita kuwa Ma'aikatar Cikin Gida ba ta karɓar buƙatarka sai ya rage wata 3 ko ƙasa da haka ka fara sabon aikin. Ka ga ke nan mai fara aiki ranar 1 ga Satumba zai yi murabus tun bai ma shigar da takardun biza ba. Saboda haka kafin ka kai wa shugabarku takarda, ya kasance kana riƙe da wasiƙar ɗaukar aiki a rubuce, da albashin a ciki, da saƙo daga ofishin ma'aikatansu mai faɗin ranar da za su fitar maka da CoS. Idan ta fito, cikin wata 3 ake amfani da ita.

Bayan ka shigar da buƙatar, ka ci gaba da koyarwa a tsohuwar makarantar har wa'adin ya cika. Kada ka shiga aji a sabuwar, ko na kwana ɗaya ne, sai amincewa ta iso. Galibi amsa tana zuwa cikin mako 8, akwai kuma hanyar gaggawa ta kwanakin aiki 5 ga mai iya ƙara kuɗi.

Maganar zuwa gida, a nan mutanenmu suke yawan faɗawa rami. Muddin takardunka suna gaban Ma'aikatar Cikin Gida ka fita daga Birtaniya, ban da zuwa Ailan ko ƙananan tsibiran da ke haɗe da Birtaniya, za a ɗauka ka janye buƙatar. Kada ka yanki tikitin Kano ko Abuja sai sabuwar bizar ta bayyana a asusunka na intanet. Bizar uwargida da yara ba ta sauyawa da taka. Tana nan har ranar ƙarewarta, ko ku nema tare.

Ka tanadi kuɗi kuma, domin akwai na biza da harajin lafiya, wanda ya koma fam 1,035 a shekara ga kowane babba tun Fabrairun 2024. Kuɗin CoS dai na makaranta ne, ba a yarda ta ɗora maka ba.

Idan ƙaddara ta sa ka bar tsohuwar kuma sabuwar ta janye, tsohuwar za ta sanar da hukuma cikin kwanakin aiki 10, a rage bizarka zuwa kwana 60, ko abin da ya saura idan bai kai haka ba. A cikinsu za ka samo wata makarantar mai lasisi ko ka bar ƙasar. In ta kai ga haka, ka kira ƙungiyarku ta malamai, NEU ce ko NASUWT, ka kuma nemi lauyan shige da fice mai rajista a makon farko.