Tambaya da Amsa: Me Ya Raba Arewa da Kudun Amurka Kafin Yaƙin Basasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce bauta ce ta haddasa yaƙin basasar Amurka, amma na ji wasu na cewa rigimar haraji ce da tattalin arziki kawai. Wanne zan kama? Daga wata ɗalibar tarihi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki riƙe maganar malaminki. A Kudun Amurka na wancan zamani bauta ita ce tattalin arzikin, ba a raba su.

A duba auduga. Kafin 1793, mai cire angurya da hannu sai ya wuni bai wuce rabin kilo ba. Da Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, sai aikin ya ninka sau hamsin ko kusa da haka. Gurza ta yi sauƙi, amma shuka da noma da tsinka suna nan da hannu, saboda haka buƙatar bayi ta ƙaru maimakon ta ragu. A 1808 an hana shigo da bayi daga Afirka, sai cinikin ya koma cikin gida: an kwashi mutane kusan miliyan ɗaya daga tsofaffin jihohi irin su Virginia da Maryland zuwa gandayen Alabama da Mississippi da Louisiana, ana raba uwa da ɗa a kasuwar New Orleans. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4 cikin mutane miliyan 31. A lokacin auduga ta kai fiye da rabin kuɗin kayan da Amurka ke fitarwa waje, kuma da ita akasarin masaƙun Ingila ke aiki.

Ga inda maganar ta fi nauyi. A idon doka bawa kadara ce: ana jinginar da shi a banki, ana gadonsa, ana biyan bashi da shi. Ƙaƙƙarfan saurayi yakan haura dala 1,000. An kimanta kuɗin bayin ƙasar a kan dala biliyan 3 ko fiye, abin da ya zarce jarin da ke cikin masana'antu da layukan dogo idan an haɗa su. Duk wanda ya taɓa bauta, asusun manyan Kudu ya taɓa.

Haraji kuwa ya taɓa tada ƙura, amma tun da wuri. Arewa mai masana'antu tana son kuɗin fito mai yawa a kan kayan Turai don ta kare hajarta, Kudu mai sayar da auduga ta sayo kayan waje ba ta so. Dokar kuɗin fito ta 1828 ta sa South Carolina ta ce a 1832 ba za ta bi ba, Shugaba Andrew Jackson ya yi barazanar tura soja, aka sasanta a 1833. A 1857 ma rage kuɗin fiton aka yi ƙwarai. Takardun da jihohi irin su Mississippi da South Carolina suka fitar na dalilin ɓallewarsu daga Amurka, bauta suka sa a gaba ɓaro-ɓaro.

Tambaya: To idan Arewa ba ta ce za ta 'yanta bayin Kudu ba, a kan me ake ta ja-in-ja? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Malam, a kan sababbin yankunan yamma ne, kuma lissafin kujeru ne. Kowace jiha, babba ko ƙarama, sanatoci biyu gare ta. A Majalisar Wakilai Arewa ta riga ta yi gaba saboda baƙi 'yan ci-rani daga Ayalan da Jamus can suke sauka, duk da cewa tsarin mulki ya yarda a ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujeru. Don haka Majalisar Dattawa ce garkuwar Kudu, kuma kowace sabuwar jiha tana iya karkatar da sikeli.

A 1820 aka yi sulhun farko: Missouri ta shigo da bauta, Maine ta shigo ba bauta, aka ja layi a taswira a digiri 36 da minti 30, arewa da shi ba bauta a sauran yankin da aka saya daga Faransa. Yaƙi da Meziko daga 1846 zuwa 1848 ya kawo ƙasa mai faɗi da layin bai shafa ba. A sulhun 1850 Kalifoniya ta shigo ba bauta, aka lallashi Kudu da dokar kamo gudaddun bayi. Ku duba yadda aka tsara ta: wanda aka kama ba shi da ikon ba da shaida, jami'in da ke sauraron ƙarar yana samun dala 10 in ya miƙa shi ga mai da'awa, dala 5 in ya sake shi, wanda ya ɓoye shi kuma tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida. Wannan doka ta shigar da bauta har ƙofar gidan ɗan Arewa da a da bai damu ba.

Daga nan sai gangara. Dokar Kansas da Nebraska ta 1854, wadda Sanata Stephen Douglas ya kawo, ta goge layin 1820 ta ce mazauna yanki su zaɓa. Kowane ɓangare ya yi ta turo mutanensa da bindigogi, jini ya kwarara a Kansas, kuma a shekarar aka kafa jam'iyyar Republican don hana bauta yaɗuwa. A 1857 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dred Scott, wani bawa da ya kai ƙara yana neman 'yancinsa, ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, Majalisa kuma ba ta da ikon hana bauta a yankunan. A 1859 John Brown, wani mai tsananin adawa da bauta, ya kai hari rumbun makamai na Harpers Ferry don tada bayi, aka rataye shi.

Tambaya: Shin hannun Arewa tsaf yake? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ko kusa. Masaƙun Massachusetts da audugar bayi suke aiki, bankuna da kamfanonin inshora na New York suna cin ribarta. Masu neman a soke bauta gaba ɗaya, irin su Frederick Douglass, 'yan tsiraru ne. Yawancin talakawan Arewa abin da suke gudu shi ne gasa da aikin da ba a biyan lada a filayen yamma. A Kudu ma wajen gida ɗaya cikin huɗu ne ke da bayi, sai dai su ke riƙe da siyasa.

Abraham Lincoln, ɗan takarar Republican, ya ci zaɓen shugaban ƙasa na Nuwamba 1860 da kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'u, ba tare da ko jiha ɗaya ta Kudu ba. Alkawarinsa shi ne hana bauta yaɗuwa, ba soke ta inda take ba, amma Kudu ta ga ana iya cin mulki ba da ita ba. South Carolina ta ɓalle ranar 20 ga Disamba 1860, wasu shida suka bi ta, 'yan Kudu suka buɗe wuta a kan sansanin sojan tarayya na Fort Sumter ranar 12 ga Afrilu 1861, yaƙi ya fara, sannan huɗu suka ƙaru suka cika 11.