Amsa: me ya sa alamar ! ba ta dawo da fayil ɗin a .gitignore ba

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Ka ce a shafin da kake gina wa wani shagon Kasuwar Dole ka rubuta hotuna/ a .gitignore (fayil ɗin da ake jera abin da ba a son Git, manhajar adana tarihin aiki, ya bi), ƙasa da shi kuma !hotuna/tambari.png don alamar ! ta dawo da tambarin, amma Git ya ƙi ganinsa.

Dokar ita ce layin ƙarshe da ya dace da fayil shi ke yin hukunci, don haka jerin naka daidai ne. Matsalar tana layin farko. Da ka rubuta hotuna/ ka cire dosiyen ɗungurungum, Git kuwa ba ya leƙa cikin dosiyen da aka cire, don kada ya ɓata lokaci. Kamar gidajen Birni ne: in an garƙame zaure, buɗe ɗakin ciki bai amfana wa baƙo komai ba. Gyara shi haka:

hotuna/*
!hotuna/tambari.png

Tauraron nan abin da ke ciki yake cirewa, ya bar ƙofar a buɗe. In fayil ɗin ya yi zurfi, sai an buɗe kowane mataki:

hotuna/*
!hotuna/kaya/
hotuna/kaya/*
!hotuna/kaya/atamfa.png

Ka kula da sandar /. In ka rubuta hotuna/ haka kawai, duk dosiye mai wannan suna zai tafi, ko ina yake a aikin. In ka sa ta a gaba, /hotuna/, na kusa da .gitignore ɗin kaɗai zai shafa.

Kuma ba waje ɗaya Git ke karantawa ba. .gitignore na ƙaramin dosiye yana rinjayar na sama da shi, su kuma suna rinjayar .git/info/exclude, sannan fayil ɗin da saitin core.excludesFile ya nuna a ƙarshe. Maimakon kame-kame, buga:

git check-ignore -v hotuna/tambari.png

Zai nuna maka fayil, lambar layi da ƙa'idar da ta kama shi.

Ɗaya abin da ke yawan ruɗa mutane: .gitignore ba shi da iko kan fayil ɗin da ka riga ka yi wa commit, wato ka adana shi a tarihin Git. Sai ka yi git rm --cached da sunansa, zai fita daga rajistar Git amma ya zauna a kwamfutarka. In akwai kalmar sirri a ciki, canza ta, domin tana nan a tarihi.

Game da tambarin, wasu za su ce ka yi git add -f, wato ka tilasta wa Git ya ɗauke shi. Yana aiki, amma abokin aikinka ba zai ga dalili a .gitignore ba, gara gyaran tauraron.