Kafin ki biya kuɗin littafin soyayyar ɗan wasa

Wata ɗaliba daga unguwar Birni ta rubuto: "Yaya, ina son littattafan soyayya da jaruminsu ɗan ƙwallo ne ko ɗan kokowa. Sau da yawa ina biyan kuɗi a WhatsApp, sai in tarar labarin zargi ne daga farko har ƙarshe. Yaya zan gane mai kyau kafin jikkata ta tafi?"

Ƙanwata, damuwarki tana da tushe, ni ma abin yana ci mini rai. Marubutan intanet da yawa suna sakin babukan farko kyauta, to a nan za ki yi bincikenki. Ki duba dalilin da ya sa jarumar ba ta yarda da jarumin ba. In dalilin saƙon salula ne da wata ƙawa ta ƙirƙira, ko hoton da aka ɗauka daga nesa, ki riƙe kuɗinki. Rikicin da tambaya ɗaya za ta kashe bai isa ya ɗauki littafi guda ba, marubucin zai yi ta jan sa ne don ki ci gaba da biya.

Rayuwar ɗan wasa kuwa cike take da dalilan rashin yarda na gaske. Mu da muke zuwa filin kokowa na Langa Langa a Damagaram mun san su. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tahoua, wato gasar kokowar ƙasar Nijar da zakaranta ke karɓar takobi, jihohi suke karɓar baƙuncinta bi da bi, yau kuma jihohi takwas ne ke aika 'yan kokowa goma-goma. Ɗan kokowa yana barin gida ya shiga sansani, makaɗa suna wasa shi, masu kuɗi suna yi masa kari, 'yan mata suna neman lambarsa. Ranar da gwiwarsa ta taɓa ƙasa kuma, wasu daga cikin masu rakiyar sai su watse. Mutumin da ya ɗanɗani wannan yana da hujjar tambayar kansa: ni take so ko takobin? Ita ma tana da hujjar tsoron wanda dubban mutane ke kiran sunansa. Littafin da ya gina zarginsa a kan wannan, shi nake ba ki shawara ki saya.

Sai batun sauyin hali, wanda ya fi muhimmanci a wurina. Ki tambayi wadda ta gama karantawa: me jarumin ya aikata a ƙarshe wanda ba zai iya ba a farko? Kuka da ban haƙuri ba su isa ba, haɗarin mota da ke shiryar da mutum dare ɗaya ma bai isa ba. Ina son in ga ya faɗa mata ciwon da yake ɓoye wa kocinsa, ko ya ga kiran wani a wayarta ya tambaye ta kafin ya yanke hukunci. Ita ma jarumar dole a ga ta sauya, kada a bar ta da aikin haƙuri kaɗai.

Kuma kada ki biya wa littafin da ba a kammala rubutawa ba.

Wani magidanci daga unguwar Zengou ya ce 'yarsa mai shekara 15 tana son ya saya mata irin waɗannan littattafan da aka fassara zuwa Faransanci, yana neman shawara.

Malam, ka yi kyau da ka tambaya. Yawancinsu daga Amurka suke, a kan 'yan wasan ƙanƙara da 'yan ƙwallon jami'a, kuma don manya aka rubuta su. Da yawa suna bayyana kwanciya filla-filla ko da bangon littafin zane ne mai kama da na yara. Wasu kuma suna nuna kishi mai tsanani da bibiyar mace tamkar su ne ƙauna, wannan ya fi tayar mini da hankali ga yarinya mai tasowa. Ka ba mahaifiyarta ko yayarta ta karanta tsakiyar littafin tukuna. In bai dace ba, ku zauna da ita ku gaya mata dalili, sannan ku zaɓi wani tare.