Hayaƙin zaƙami ga mai asma

Ɗan'uwa, ka ce wani mai magani a Kasuwar Kurmi ya ba ka busasshen ganyen zaƙami ka turara wa Hajiya saboda asma, kana tambaya ko ya dace.

Gaskiya tsofaffi sun daɗe suna yin haka, kuma ba a banza ba. Zaƙami dangin gauta da tumatir ne, a cikinsa akwai sinadarin atirofin da ke buɗe hanyar numfashi. Matsalar ita ce ba shi da awo: ganyen wannan bishiya ya yi sauƙi, na waccan ya yi kisa. Yana kuma juya hankali, shi ya sa ake ce masa haukata-yaro.

A unguwarmu na ga saurayin da abokai suka zuba masa 'ya'yan zaƙami a kunu. Baki ya bushe, jiki zafi rau ba gumi, ƙwayar ido ta buɗe, yana ta cafke abin da babu a iska. Kwana biyu bai san inda kansa yake ba. To ina ga tsohuwa, wadda zuciyarta ba ta jure bugu da saurin da zaƙami ke sawa?

Ka ajiye ganyen inda yara ba za su kai ba, ka kai Hajiya Asibitin Murtala a rubuta mata abin shaƙa. Allah ya ba ta lafiya.