Kafin ka sa wa shafi tafi, ji abin da ya same ni a Daura

Kai yaro, na ga saƙonka tun bayan Magariba. Wai wani ɗalibi ya kawo maka aikin da zai gabatar gaban malamansa, kana tambaya yaya ake sa shafukan PowerPoint su riƙa juyawa da salo, a kuma ji ƙara duk sanda shafi ya canja. Da farko ban yi niyyar amsawa ba. Wata bakwai kana zaune a shagon nan, abin da ke rubuce ɓaro-ɓaro a saman allo bai kai a tashe ni a kansa ba. Transitions, wato wurin salon juyawar shafi, na nan tsakanin Design da Animations, ka zaɓi shafi, ka zaɓi salo, akwatin sauti na can hannun dama. Wannan ko yaron da ke sayo mana mai ya sani. Maganar ƙara da ka yi ce ta fama mini tsohon miki, shi ya sa na zauna rubuta maka.

Lokacin muna tsohon shago ta wajen Ƙofar Ƙaura, ana yayin PowerPoint 2007, wani mai makarantar kuɗi ya taso daga Daura ya same ni. Za su yi bikin yaye ɗalibai, yana son a haska tarihin makarantar a majigi gaban iyaye da manyan baƙi. Muka yi jinga a kan N25,000, ya ba da N10,000, ya ce ciko sai an tashi taro. Kwana huɗu na yi a kan aikin. Shafi 42, tsofaffin hotuna da na ɗauka ɗaya bayan ɗaya na goge musu tabo, har da hoton marigayi mahaifinsa wanda ya kafa makarantar. Shi na sa a shafi na uku, da addu'ar neman rahama a ƙasa.

Ana gobe biki ya dawo da daddare, ya ja kujera ya zauna a gefena. An ɗauke wuta, ƙaramin janaretanmu na ta ruri a bakin ƙofa, lasifika ba a jone ba. Ya ce lallai sai an sa ƙarar tafi a shafin ɗaliban da suka ci kyauta. Na ce masa Alhaji, mutanen da ke zaune a zauren ai su za su yi tafin da hannunsu. Ya ce shi dai a sa. Na sa. Muna kan wannan shafin ya sake cewa salon juyawar bai yi masa ba, a canja shi a ko'ina ya zama iri ɗaya. Dare ya yi, direbansa na ta danna oda a waje. Na canja salo, na danna Apply To All, na zuba masa fayil a filashi, ya tafi.

To buɗe kunnenka nan. Wannan maɓalli ba salon juyawa kaɗai yake kwafewa ba. Duk abin da ke kan shafin da kake tsaye, salo da sauti da tsawon lokaci da ƙa'idar wucewa gaba, shi yake shafa wa sauran. Tafin nan ya hau shafi 42 cif, ni kuma ban ji ba, tunda ban kunna da sauti ba. Na so in bi shi Daura in riƙe kwamfutar da kaina, ya ce ba sai an kashe kuɗin mota ba, ɗan ƙanensa ya iya.

Bayan kwana biyu na kira, bai ɗaga ba. Sati ya zagayo na hau mota na tafi. Ya bar ni a benci a bakin ofis har aka kira Azahar, sannan ya sa aka shigo da ni. Bai ce in zauna ba. Ya juyo mini da kwamfuta, ya ƙure ƙara, ya danna sau biyu. Hoton tsohon ya fito, farin rawani, farin gemu, Allah ya jiƙansa da rahama a rubuce a ƙasa, sai tafi ya kaure raf-raf-raf kamar an ci ƙwallo. Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ya ce haka aka yi a gaban iyaye da masu unguwanni, kuma waƙar makaranta da ya ce a buɗe da ita ko tari ba ta yi ba.

Waƙar nan ita ma da dalilinta. A PowerPoint 2007 da waɗanda suka gabace shi, in ka sa MP3 ba ya shiga cikin fayil ɗin, hanya kawai ake nuna wa PowerPoint zuwa inda yake a kwamfutarka. Sauti nau'in WAV ƙarami ne kaɗai ke shiga ciki, wanda bai wuce kilobait 100 ba, sai in ka ɗaga iyakar da kanka. Na kwafi fayil na bar waƙa a Katsina. Daga PowerPoint 2010 ne aka gyara wannan, sauti ya koma zama a ciki.

Na karɓi laifina a gabansa, ban yi musu ba. Na ce a rage N5,000 a ba ni sauran. Ya ce ko sisi, ma in gode bai nemi kafin alƙalaminsa ba. Abin da ya fi ci mini rai, shekara na zagayowa wani malaminsu ya shigo shago buga takarda, yake ba ni labari cewa da aikina suka sake yin biki. Sun cire tafi, sun canja sunayen yara, shi ke nan. Hotunan da na kwana ina gyarawa suna nan yadda na bar su. Mutumin da ya nace a sa tafin da bakinsa, ya hana ni zuwa don ƙyashin kuɗin mota, shi ya ci guminna. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Ku yaran yanzu idonku ya saba da TikTok, komai sai ya yi tsalle ya yi walƙiya kafin ku ce ya yi kyau. Na ga abin da ka yi wa mai kayan gini makon jiya, wani shafi ya naɗe ya zama tsuntsu ya tashi, wani ya buɗe kamar labule. Malaman da za su zauna sauraron ɗalibin nan ba kallon wasa suka zo ba. Ka sa masa Fade, salon da shafi ke dusashewa wani ya bayyana, a duka, ka bar shi a ƙasa da daƙiƙa ɗaya yadda yake zuwa, akwatin sauti ka bar shi babu komai. In ya matsa sai an sa, ka faɗa masa ni na hana. Kada ka taɓa wurin da ke maimaita ƙara har sai wata ta zo, nan ne ake jin ganga na bin mutum shafi biyar yana neman inda zai kashe. Ka cire alamar da ke sa shafi wucewa da kansa bayan wasu daƙiƙoƙi, ka bar ta dannawa kawai, don malami zai tsayar da shi da tambaya, shafi kuma ba ya jiran kowa. Morph, salon da abubuwan kan shafi ke zamewa su koma matsayinsu a shafi na gaba, na san yana burge ka, amma a PowerPoint 2019 zuwa sama ko Microsoft 365 ake samunsa, kwamfuta mai tsohon PowerPoint mayar da shi Fade take yi, kuma ba ka san wadda za a ba shi a zauren ba.

In akwai bidiyo ko murya da dole sai an ji, ka tambaye shi irin kebul ɗin da majiginsu ke amfani da shi. HDMI na ɗaukar hoto da sauti, VGA mai shuɗin kai hoto kawai take kaiwa, sai an jona lasifika daban. Ka fitar masa da kwafi na PDF a filashin don ko ta kwana.

Gobe ka zo kafin ƙarfe takwas. Za ka jona lasifika, ka danna F5, mu bi shafukan daga na farko har na ƙarshe ina ji da kunnena. Kuma filashin nan ba zai bar shago ba sai yaron ya cika kuɗinsa.